Kaurin gilashi bai hana wat 140 fita ba

Tun ranar da gilashin ƙofar oben ɗin Yayata ya fashe nake komawa kan shafin nan na littafina, ina kallon wat 3,200 (wat shi ne ma'aunin yawan zafin da ke fita a kowace daƙiƙa) da na ja wa layi biyu a ƙasa. Wannan adadin ne ya jawo wa Yayata asarar tire biyu na kek ɗin biki.

A unguwar Mabera take yin kek da mitfai na sayarwa, ta ce in tsaya a ƙera mata oben mai gas, da taga a ƙofa, don ta daina buɗewa kowane lokaci. Walda da sauran aiki sun tafi lafiya. Tagar santimita 40 ce da 25, kashi ɗaya cikin goma na murabba'in mita ke nan. Ciki digiri 200, waje 40, zafinmu na Afrilu. Gilashi yana wuce da zafi kimanin wat 1 a kowace mita a kowane digiri. Na ninka da girman tagar da bambancin digiri 160, na raba da kaurin milimita 5, wato mita 0.005, sai ga wat 3,200. Hankalina ya tashi, na ga gas ɗinta zai ƙare a banza. Na ce a ninka kauri asarar ta ragu da rabi, na sayo gilashin tebur mai milimita 10.

Mai waldar, dattijo ne, ya juya shi a hannu ya ce, "Yaro, wanga ba ya son wuta." Na ce, "Baba, na yi lissafi." Bai ƙara magana ba, ya ɗaure shi tam a cikin ƙarfe.

Kuskuren yana nan: na ɗauka fuskar gilashin ta ciki tana kan 200, ta waje tana kan 40. Ina! Akwai siririyar iska manne da kowace fuska, kuma ita ce ke tare yawancin zafin. Da na sake aikin, na ba fuskar ciki wat 25 ga kowane murabba'in mita a kowane digiri, ta waje 15, har da zafin da ke tashi kamar na garwashi. Turjiya, wato yadda abu ke tare zafi, ta ciki ta zama 1 a raba da 25, wato 0.04, ta waje 0.067, ta gilashin milimita 5 kuwa 0.005 kacal. Da na haɗa su ukun, na raba digiri 160 da jimlar, na ninka da girman tagar, abin da ke fita bai wuce wat 143 ba. Da milimita 10 ɗin da na kashe wa kuɗi, 137. Wat shida na saya!

Ga shi fuskar waje tana kai digiri 130, a gidan da yara ke kai da komo. Wannan ma lissafina na farko ya ɓoye mini shi, tunda ni da hannuna na rubuta 40 a wurin.

A gashi na uku ya tsage, daga gefe. Tsakiyar gilashin ta yi zafi tana faɗaɗa, gefen da ke cikin ƙarfe bai kamo ta ba, kuma ba mu bar masa wurin motsi ba. Yaya ta dubi kek ɗin ta ce ba za ta kai wa mutane abin da ɓarɓashin gilashi ya taɓa ba. Ba ta yi mini faɗa ba, shi ya fi ci mini rai.

Yanzu gilashi biyu ne a ƙofar, irin wanda aka gasa don jure zafi, da ratar santimita 2 a tsakani. Ka auna da kyau kafin ka saya, don irinsa ba ya yankuwa, tarwatsewa yake. A takarda asarar ta sauka wajen wat 80. Baba ne ya ce a huda ƙofar sama da ƙasa iska ta riƙa ratsa tsakaninsu, wannan karon kuwa ni na riƙe masa ƙarfen yana hudawa.