Inda muka kwana kan ƙwaro mai ƙahon barewa: wane iri ne, namiji ko mace?

'Yan'uwa masu koyo, a wannan zaman mun kai ga matakin da ya fi rikita mutane. Abin da ake kira ƙaho a jikin wannan ƙwaro muƙamuƙi ne da ya yi tsawo, daga baki yake fitowa. In kun ga ƙaho ya tsiro a tsakiyar ka, to wani dangi ne daban, ku ajiye shi gefe.

Ku fara da eriya, wato siraran tsinkayen nan biyu da ke kansa. A dangin wannan ƙwaro, wato Lucanidae, gaɓoɓinta 10 ne, ta lanƙwashe kamar gwiwar hannu, ƙarshenta kuma kamar haƙoran matsefi waɗanda ba sa haɗewa. Na buzuzu suna rufewa su manne da juna.

Sai awo. Ku sa shi cikin kwalba mai haske, ku ɗora rula a gefe, ku ɗauki hoto daga sama da kuma daga ƙasa. Babban na Turai, Lucanus cervus, namijinsa kan kai milimita 35 zuwa 75 har da muƙamuƙi, macen 30 zuwa 50. Bayansa ruwan ƙasa ne mai ja-ja, da ɗan sheƙi.

A nan ake tafka kuskure. Macen ba ta da dogon muƙamuƙi, don haka sai a ɗauke ta a matsayin ƙaramin iri, wato Dorcus parallelipipedus. Shi wannan baƙi ne wuluk, ba sheƙi, jikinsa a baje, bai cika wuce milimita 32 ba. In launi ya ƙi raba gardama, saboda ƙasa ko duhun magariba, ku kawo gilashin ƙara girma kan ƙwaurin ƙafar tsakiya. Dorcus ƙaya ɗaya gare shi, Lucanus biyu zuwa uku. Wannan alamar na fi amincewa da ita, domin ƙura ba ta canza ta. Macen Dorcus kuma tana da 'yan ƙuraje biyu a goshi, kusa da juna, namijin ba shi da su.

Kada girma ya ruɗe ku wajen gane namiji ko mace. Tsutsar Lucanus tana shekara 3 zuwa sama tana cin ruɓaɓɓen itace, wanda bai ƙoshi ba sai ya fito ƙaramin namiji mai gajeren muƙamuƙi. Ku duba faɗin kai: na namiji ya kai faɗin ƙirji ko ya fi, na mace ya fi ƙirjinta ƙanƙanta, ƙwaurinta na gaba kuma faffaɗa ne don haƙa ƙasa.

Ku kula da yatsa. Gajeren bakin macen ya fi na namijin cizo nesa ba kusa ba. Kada ku fizge shi daga ɓawon itace, farcensa kan maƙale har ƙafa ta cire. Ku tura shi a hankali daga baya ya hau ganye. Da kun gama hoto ku mayar da shi gindin kututturen da kuka same shi, don in Lucanus ne kwanakinsa a sarari 'yan makonni ne kawai.