Maharban Damagaram da littattafansu

Shekaranjiya na dawo daga Damagaram, har yanzu ƙurar hanya ba ta gama fita daga hulata ba. Kwali biyu na littattafai na kai wa wani abokin ciniki, tunda sana'ata ke nan a Kurmi. Ina shirin fita Hajiyarmu ta ce kada in kuskura in dawo Kano ban gaida aminin marigayi mahaifinmu ba, wani tsohon maharbi da ke zaune a unguwar Birni. Na amsa da to, a raina ina cewa in na ba shi minti talatin na biya. Kwana uku na yi a gidansa.

Ta Daura muka bi, muka tsallaka iyaka, muka miƙe ta Matamaye. Lafiya lau, sai a wani shinge da wani mai kaki ya sa na sauke kwalayen, ya ce in ƙirga littattafan ɗaya bayan ɗaya a tsakiyar rana. Da Faransanci yake yi mini tsawa, alhali da kunnena na ji shi yana zuba Hausa da mai shayi. Da na kai saba'in da wani abu ya gaji, ya yi mini nuni da hannu kamar mai korar kaza. A gari kuma ɗan kabu-kabu ya ce dala ɗari zai kai ni Birni. Na yi murna na samu banza, ashe dala sefa biyar ce, ɗari biyar yake nufi. Mutumin da ya shekara ashirin yana ciniki a Kurmi, yaro ya koya masa lissafi a bakin tasha.

Baba ya karɓe ni kamar ɗan cikinsa. Kalmarsa ta farko bayan gaisuwa: "Bakano, ka zo biyan bashin kakanninka?" Wasan da ke tsakaninmu da su ke nan tun yaƙe-yaƙen zamanin Sarki Alu. Aka kawo fura mai sanyi, aka ajiye mini bokiti cike taf a makewayi. Na yi facaka da shi irin ta gida. Sai da safe na ga 'yan garuwa a ƙofa, na gane ruwan nan saye ake yi, garin kan dutse yake zaune, ruwa kuwa tsohuwar matsalarsu ce. Kunya ta hana ni haɗa ido da uwargida.

Bayan isha'i aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, aka ɗora shayi. Mutum bakwai suka taru, duk 'yan daji: tsofaffi uku na kwari da baka, sauran matasa masu karnuka da bindigar toka. Da Baba ya ce musu littattafai nake sayarwa, na zaci za a wuce maganar. Sai wani dattijo mai tabo a kumatu ya matso ya ce, "Malam, kana da Hayatul Hayawan mai manyan baƙaƙe? Idona ya fara cin amanata."

Allah ya sani, ni a shago ina sayar da littafin nan ne ga masu son cika kanta. A Kano sau da yawa bango mai ruwan zinariya ake tambaya, a jera a falo, shekara ta zagayo ba a raba shafukan da suka manne ba. Na Baba da aka ɗauko daga gafaka ya yi baƙi da gumin hannu, gefen kowane shafi cike da ajami. Marubucinsa Damiri, malamin Masar da ya rasu a 1405, ya jera dabbobi bisa haruffa, amma ya fara da zaki don girmansa, kuma a kowace dabba yakan kawo halinta, da hukuncin cin namanta, da karin maganar Larabawa a kanta, da amfaninta a magani, da fassarar ganinta a mafarki. Ni abin da na sani ke nan. Su kuwa musu suke yi da shi kamar yana zaune a kan tabarmar.

Baba ya buɗe babin kura, inda aka ce shekara guda tana namiji, shekara guda tana mace. Ya karanta, ya tuntsire da dariya. "Ɗana, Shehin nan malami ne, amma bai taɓa feɗe kura ba." Ya ce macen ce halittarta ta yi kama da ta namiji, har ta fi shi girma, wanda ya hango daga nesa dole ya ruɗe. A gefen shafin ya rubuta gyaransa da tawada ja tun kafin a haife ni. Daga nan aka faɗa gardamar nama: Damiri Bashafi'e ne, a wurinsu kura ta halatta, mu Malikawa makaruhi muke cewa. Mai tabo ya ce ko da dukkan malamai sun halatta, shi warin kaɗai ya ishe shi fatawa.

Na tambayi Baba me yake sa yaro ya fara karantawa in ya zo neman shiga daji. Bai yi dogon tunani ba, ya ce Risala, babin layya da yanka da farauta. Mai kare ya san sai horarre, kuma sai shi ya sake shi da bisimilla, sannan abin da ya kama ya ciwu. In ya tarar da dabbar da sauran rai, ya yanka. Ya ce ya ga samari da yawa sun kwaso mushe suna kirari a kansa. Wannan ya burge ni, don a wajenmu farauta ta fara zama ta gayya da sare-sare, a cika mota da karnuka da gora, a dawo da rauni fiye da nama.

Wanda ya fi ba ni mamaki wani matashi ne da ya yi lakwal, wato makarantar boko, yakan raka masu binciken namun daji arewa. Yana da littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma na Faransanci, mai zane kala-kala, wani bature ya bar masa. Tsofaffin ba sa karanta ko harafi a ciki, amma sun fi shi cin moriyarsa. A haska tocila, a buɗe shafi, su faɗi suna ya rubuta da fensir a ƙarƙashi: tuje, fakara, gauraka, dinya, shamuwa. Da aka zo kan burtu, Baba ya shiga ɗaki ya fito da kan burtun da yake ɗaurawa a goshi, ya durƙusa yana rausaya, yana nuna yadda ake yaudarar barewa har a kusance ta. Ya duba zanen ya ce mai zanen ya iya baki, bai iya tafiya ba. Matashin nan shi ne kuma mai karanta musu takardun hukuma: dokar farauta ta 1998, da iyakar gandun Termit da Tin Tumma da aka keɓe a 2012. Suna gunaguni, amma suna saurare. Baba ya ce dokar ba ta dame shi ba, don rabonsa da ganin jimina a daji ya manta. Masu motoci da manyan bindigogi suka share dajin, aka zo ana yi wa mai baka wa'azi.

Littafi ɗaya ne aka hana ni. Kowannensu yana da kundi, na laƙani da sunayen itatuwa da abin da ya gada. Na miƙa hannu kan na Baba, ya dafe shi yana murmushi: "Wannan ba na Kurmi ba ne, Bakano."

Ran Alhamis na shiga kasuwar Dole. Aikin fatarsu ya fi namu tsafta, wannan ba na musu, amma da baduku ya ji Hausata sai kuɗi ya hau. Gafaka ya ce jikka takwas, wato sefa dubu takwas, muka yi ta ja har jikka biyar, na tafi ina jin na yi nasara, Baba ya ce shi uku yake saye. Kilishi dai ko nawa suka ce ya cancanta.

Fada na gan ta a tsaitsaye, da ragowar ganuwar Sarki Tanimu a tsakanin duwatsu. Garin Mirya da ke kusa ban samu zuwa ba. A dawowa mai kakin nan ba ya nan, wani ne, ko kallon kayana bai yi ba.

A aljihuna akwai 'yar takarda da ajamin Baba: Hayatul Hayawan mai manyan baƙaƙe guda biyu, Risala mai fassarar Hausa guda huɗu, da tabarau in an samu mai araha. Na ce kyauta zan kawo, ya ce a'a, bashi dai, tunda Kanawa sun saba.