Abin da aikin haɗa bidiyo ya koya mini a Gusau

Sana'ata ɗaukar bidiyo da tace shi, a nan Gusau. Masu kawo mini aiki kashi biyu ne. Akwai masu kaya: tela, mai turaren wuta, mai atamfa da leshi, mai gyaran waya. Akwai kuma waɗanda hajarsu ita ce su kansu, samari da 'yan matan da ke son su yi tashe a TikTok ko Facebook, a san fuskarsu daga Tudun Wada har Sabon Gari, in da hali har Kano. Kyamara ɗaya nake ɗaukarsu da ita, amma da aiki ya yi nisa na gane kowa inda ya dosa daban.

Mun taso ana gaya mana yabon kai jahilci. A ƙasar nan ta makaɗan fada, ko sarki ba ya wasa kansa, maroƙi ke wasa shi. Gaskiya ne ɗan dambe yana yi wa kansa kirari, amma yana sauke hannu zai shiga fili, jama'a su gani da idonsu ko maganar ta tabbata. Abin da waya ta kawo mana shi ne kirarin da dambe ba ya biyo bayansa. Mutum ya tsaya gaban motar da ba tasa ba, ya kira kansa babban ɗan kasuwa, ya ɗora, shi ke nan.

Duk da haka ba na cikin masu cewa tallata kai rashin kunya ne. Na ga teloli masu hannu na ban mamaki suna zaune ba aiki, alhali wanda bai kai su ba ya kwashe ɗinkin Sallah saboda shi ya nuna nasa. Kunyar da za ta hana a san sana'arka cuta ce. Wata dattijuwa mai haɗa turaren wuta da humra ce ta fara nuna mini inda tsakiyar take. Da na ɗaga kyamara sai ta ce, "Ɗana, ban son huskata ta hita. Ɗauki hannuna da kayana." Haka na yi: hannu yana jiƙa itace, kasko yana hayaƙi, kwalabe a jere, farashi a rubuce. Mabiyanta ba su taka kara sun karya ba, amma mata na tura bidiyon a WhatsApp daga wannan gidan biki zuwa wancan, kuma duk wadda ta saya ita ke gaya wa ta gaba. Hajiyar ta yi talla, yabon kuma ta bar wa bakin wasu.

Samarin da ke zuwa wurina sukan ɗauka yawan mabiya kuɗi ne a aljihu. Kafin YouTube ta fara raba maka kuɗin talla a kan dogayen bidiyo, sai ka tara mabiya 1,000 da kallon awa 4,000 cikin wata goma sha biyu. A TikTok, abin da yawancin namu ke dogaro da shi kyautar da masu kallo ke aikowa ne lokacin shirin kai-tsaye, kamfanin kuma ya cire kasonsa. Kuɗin data, cajin waya, kayan sawa da hayar mai ɗauka duk daga aljihun yaron suke fita. Saura kuma tallan da masu shago ke ba shi, kuma nan ne na sha ganin an yi asara ta ɓangare biyu. Mai shago ya biya ɗan barkwanci mai dubban mabiya, aka kalli bidiyon sosai, amma masu kallon suna Yamai da Jidda da Kumasi, dariya suka zo yi, ba wanda zai zo Gusau sayen takalmi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda manhajar ke juya mutum. Abin da ya riƙe ido shi take turawa gaba, ba ta tambayar ko alheri ne. Yaro ya fara da barkwanci mai tsafta, ya ga ranar da ya yi wa wani habaici kallo ya ninka, gobe sai ya ƙara gishiri. Daga nan sai zagi, sai tonon silili, sai faɗan da aka shirya a ɗaki ɗaya aka fito ana yi kamar gaske. In ya huta mako guda tashen ya koma kan wani, don haka ba ya iya hutawa. Wani ya taɓa ce mini, "Yaya, yanke inda na ba shi haƙuri, ka bar inda na zage shi." Na mayar masa da kuɗinsa. Yaron ba mugu ba ne, na san gidansu. Ya dai koyi abin da ke kawo kallo, kuma shekara goma nan gaba bidiyon na nan a wayar wani, ranar da za a je nema masa aure ko aiki.

A farkon Satumban 2021 aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Mako biyu aka ce da farko, amma wasu ƙananan hukumomi sai ƙarshen Nuwamba suka ga sabis. Kowa ya sha wahala, ni ma aikina ya tsaya. Sai dai wahalar ba iri ɗaya ba ce. Telan da mutane suka san ƙofar shagonsa ya ci gaba da karɓar ɗinki, ko da ya ragu. Hajiya mai turare yara aka riƙa aiko mata da kuɗi a hannu. Wanda ba shi da komai sai mabiya kuwa ya wayi gari ba abin da zai sayar wa kowa, kuma da sabis ya dawo ya tarar masu kallonsa sun saba da wasu fuskoki. Tun daga lokacin, duk wanda ya zo mini da maganar son yin suna, tambayata ta farko ita ce me ya iya yi da hannunsa ko da kansa wanda wani zai biya ko ba waya. In akwai, a kansa muke gina bidiyon. In babu, nakan ce ya fara neman wannan, kyamara na jiransa.

Akwai kuma darasin da ɗan Legas ba lallai ya damu da shi ba, amma mu nan ya shafi rai. A jihar da ake sace mutane don kuɗin fansa, kuma kowa ya san akwai masu kai wa 'yan bindiga rahoto, nuna dukiya a intanet ganganci ne. Su kansu 'yan bindigar an gan su a TikTok suna baza damman kuɗi, mutane na bin su, wasu har suna roƙo. Waya ɗaya muke riƙewa da su. Saurayin da ya ɗauki ƙofar gidan mahaifinsa, ya nuna sabuwar mota da lambarta, ya ce gobe da safe zai kama hanyar Funtuwa ko ta Talatar Mafara, bai san wa ke kallo ba.

Shi ya sa nake da sharuɗɗa kafin in karɓi aiki. Ba na barin lambar mota ta fito, ba na ɗaukar ƙofar gida ko layin unguwa, ba na nuna kuɗi a hannu. Bidiyon biki ko na tafiya ba a ɗora shi sai an watse, kowa ya isa gida. Yara ƙanana sai da izinin iyayensu, kuma ba da kayan makarantar da za a gane ba. Wasu sun ce na cika tsoro, sun kai aikinsu wani wuri. Masu shago da iyayen amare kuwa, da na yi musu bayani, galibi su ke ƙara nuna mini abin da zan cire.