Jan farcen jel: abin da fitila ta koya mini

A ƙauyenmu da ke kusa da Ringim nake yi wa amare ƙunshi, daga baya na haɗa da jan farcen jel. Shi wannan iska ba ta busar da shi, ko za a wuni ana fifita. Akwai sinadari a ciki da sai hasken UV (irin wanda ke cikin hasken rana, ido ba ya ganinsa) ya taɓa shi yake ƙanƙarewa, shi ya sa ake sa hannu cikin wata fitila mai ba da shi.

Nakan tura fatar gindin farce baya, in ɗan goge samansa har sheƙin ya tafi, in share da sifirit. Maiƙo ko kaɗan ya rage, jel zai ɗago. Sai shafin ƙasa, kala sau biyu, shafin sama, kowanne da shigarsa fitila. Fitilar LED mai wat 48 daƙiƙa 60 nake ba ta, tsohuwar mai ƙwan UV wat 36 kuwa minti biyu.

Inda na fi shan wahala shi ne kauri. Na taɓa lafta baƙi da yawa don in rage aiki, sama ya yi ƙarfi, ƙasa ruwa tsundum, da na danna sai ya tattare kamar fatar madara. Haske ba ya ratsa kala mai duhu idan ta yi kauri. Yanzu siriri nake shafawa, in bi bakin farcen da buroshi, babban yatsa kuma shi kaɗai nake sawa, don a karkace yake kwanciya. Jel mai kauri ma ya fi zafi a fitila. Idan wadda nake yi wa ta ce "Yaya, yana ƙuna", ta zare hannu ta huta kaɗan.

Danƙon da ke saura a sama ba alamar rashin bushewa ba ne, auduga da sifirit ke ɗauke shi. Amma ɗanyen jel kada ya zauna a fata, yana jawo ƙaiƙayi da ƙuraje. Kwalba kuma ba a buɗe ta a tsakar gida. Rana ta taɓa sandarar mini da buroshi.

Kafin in fara sai na tambayi maganar alwala, don ruwa ba ya ratsa jel ya taɓa farce, jel kuma yakan kai mako biyu zuwa uku. Mai hutun sallah, idan hutun ya ƙare ta dawo a cire: auduga da asiton (ruwan cire jan farce), a naɗe minti 15, ba a ɓamɓarewa da ƙarfi.