Kwasar Ƙarshe

Talata, bayan Isha'i. Sanyin Jos yau har cikin ƙashi. Da rigar sanyi biyu na fita daga Unguwar Rogo, na iske ajinmu ya cika kafin ƙarfe takwas na safe. Aji biyu nake a sashen banki da harkokin kuɗi na Jami'ar Jos, kuma darasin yau ne ya fara biyo ni har gida.

Malam ya ce naira ɗari da ke hannunka yau ta fi naira ɗarin da za a ba ka baɗi, don ta yau za ka iya juya ta, ta baɗi kuwa hauhawar farashi ya riga ya gutsure ta. Ya ce mu ƙaddara kaya na tashi da kashi 2 cikin ɗari kowane wata, mu lissafa. Ina danna kalkuleta sai adashin Umma ya faɗo mini a rai.

Su goma ne, kowacce na zuba naira 20,000 a wata, kwasa 200,000. Tun ina ƙarama Umma ce mai kwasar ƙarshe. Tsakaninta da ta farko wata 9 ne. Da na raba 200,000 da 1.02 har sau tara, sai na samu wajen 167,000. Wato abin da kuɗinta zai saya ya ragu da kusan 33,000, ba tare da wani ya taɓa mata ko sisi ba. Wallahi sai da raina ya sosu.

Da yamma na same ta tana tsince wake, na baje mata lissafin. Ta saurara har na kai aya, sannan ta ce, "'Yar nan, wadda ta kwashi farko bana aurar da 'yarta za ta yi. Ta biyu jarin tumatur take nema a Farin Gada. Ni in na karɓa da wuri, cefane zai cinye." Na yi shiru. A littafinmu babu gurbin da ake rubuta maƙwabciyar da ta matsu, kuma ban ga laifin Umma ba ko kaɗan. Amma lissafina ma ba ƙarya ba ne.

Baba na gefe da rediyo, ya sake jefo tambayarsa ta kullum: wannan karatu ba na kuɗin ruwa ba ne? Na ce, "Baba, akwai shi a ciki, dole mu san yadda ake lissafa shi. Amma muna karanta murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar maka da ribar da kuka daidaita tun farko." Na tuna masa bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 ba tare da ruwa ba, kuma a 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa, na naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya yi albarka. Wannan ɓangaren nake son in ƙware a kai.

Na ba Umma shawara ɗaya: ranar da ta kwasa, ta sayi buhun wake tun da kaka, kada kuɗin ya kwana a ɗaki. Ta ce gobe in zo da littafina mu je wajen uwar adashi, ita ma ta ji.