Yau murfin fitilar ya hau silin

Asabar.

Tun da safe na ƙudurta cewa ba zan kwanta ba sai murfin fitilar nan ya bar kwandon saƙa ya hau silin. Ina gama 'yan aikace-aikacen gida na ɗauko shi na shimfiɗa a kan tebur. Zagaye huɗu suka rage a jikinsa, sai haɗa shi da babban zoben ƙarfe na ƙasa, sai gyaran baki. A faɗe aiki kaɗan ne, amma ya cinye mini yinin nan kaf.

Bari in rubuta awonsa tun ban manta ba, don na san za a tambaye ni. Zobban ƙarfe biyu ne ƙashin bayansa. Na sama faɗinsa santimita 15, kuma a tsakiyarsa akwai ƙaramin zobe mai ƙafa uku wanda ke zama a wuyan holda, wato mazaunin ƙwan fitila. Na ƙasa faɗinsa santimita 30. Dukansu masu fenti na zaɓa, saboda ƙarfe tsirara in ya sha danshi tsatsa yake yi, ita kuwa tsatsa in ta kama farin zare ba ta fita. Zaren auduga ne mai launin madara, kwarashin kuma mai milimita 3.5. A hannuna, da wannan zare da wannan kwarashi, ido 2 nake samu a kowace santimita, ido kuwa shi ne kowane madaukin zare da kwarashi ya saƙa. Kewayen babban zoben ya kai kusan santimita 94, ke nan ido 188 zai cika shi daidai. Ni kuwa 180 na yi niyya, da gangan. Saƙar da ta cika zobe daidai wa daida, bayan wata guda za a ga ta yi tumbi tana lilo. Dole ta ɗan gaza, a ja ta da ƙarfi kafin ta kai, sannan take tsayawa a miƙe.

Haka ma tsawon. Santimita 28 nake so idan an rataye, amma a kan tebur 25 na saƙa. Nauyin zoben ƙasa shi zai ƙarasa sauran.

Zanen kansa ba wani mai wuya ba ne. Ginshiƙai 12 ne na doguwar saƙa suka taso daga sama zuwa ƙasa, tsakaninsu raga ta sarƙa. A sama kowane kashi ido 8 ne, a ƙasa ya zama 15. Ban ƙara yawan ginshiƙan ba, sarƙar tsakani nake ƙara wa ido ɗaya bayan 'yan zagaye, sai ramukan su riƙa buɗewa a hankali har ƙasa. A tsakiya, daidai inda ƙwan zai tsaya, na yi ɗamara mai faɗin yatsa huɗu da saƙa cunkus, ba rami ko ɗaya. A nan ne na fi daɗewa ina tunani tun kafin in fara. Na sha ganin murafan da aka saƙa gwanin kyau, raga tun daga sama har ƙasa, amma da an kunna sai hasken ƙwan ya soki idon duk wanda ya zauna a ɗakin. Mai saƙar ta duba abin a hannunta da rana, ba ta duba shi da wuta a ciki ba.

Zagaye huɗun ba su ba ni wahala ba, kafin hantsi ya dubi ludayi na gama su. Haɗa zoben ne ya sa na yi gumi. Sai da na raba bakin saƙar gida huɗu, na raba zoben gida huɗu, na maƙale kowace alama da fegi, sannan na bi da gajeriyar saƙa ina zura kwarashi ta cikin ido, ta ƙarƙashin ƙarfen, in jawo zare. Kashi uku sun tafi lafiya. Na huɗun kuwa, saƙar ta riga ta ɗaure, kowane ido sai na ja shi da yatsa biyu kafin kwarashin ya shiga. Zaren auduga ba ya da rangwame, ba ya miƙewa ya dawo kamar ulu, don haka duk jan a wuyan hannu yake ƙarewa. Na ajiye na yarfa hannun ba sau ɗaya ba.

Ina cikin haka ƙanwata ta shigo. Ta tsaya ta dubi zobban, ta dubi yatsuna da suka yi ja.

"Yaya, wannan wahala haka? Ai da balan-balan kika hura, kika tsoma saƙar a ruwan gam kika lulluɓa, in ta bushe ki fasa. Ba ƙarfe, ba komai."

Na ce mata na san hanyar, kuma tana yi. Ana gauraya farin gam da ruwa, saƙar ta sha, a ɗora a kan balan-balan, ta bushe ta sandare ta zama ƙwallo. Wasu sitaci mai kauri suke sa wa. Akwai ma masu amfani da ruwan sukari, wanda ni dai ba zan kusanta ba saboda tururuwa. Amma abin da aka sandarar da sitaci, da iska ta yi danshi sai ya fara laushi yana lotsawa ta gefe. Na gam ya fi jurewa, sai dai zaren ya tashi daga zare, ya koma wani abu mai ƙyalli kamar roba, kuma ranar da ƙura ta cika shi ba ka da yadda za ka yi da shi. Nawa kuwa in ya yi datti, in sauke shi in tsoma a ruwan sabulu da zobbansa, in rataye ya bushe.

Ta ce, "To, ke dai kina son abin da zai daɗe." Ta ja kujera ta zauna ta riƙe mini zoben, muka ƙarasa tare.

Ita ce ta tambayi dalilin da zaren ke sheƙi alhali auduga ce. Irin audugar nan ce da ake tsomawa a ruwan soda mai ƙarfi, irin ta haɗa sabulu, tun a masaƙa. Wani Bature ɗan Ingila mai suna John Mercer ne ya gano dabarar a 1844, sunansa ma zaren ke ɗauke da shi har yau. Sodar na sa silin audugar ya kumbura ya yi santsi, ya ƙara ƙarfi, rini ya fi kama shi. Ni ba sheƙin ne ya ja ni ba. Zaren ba ya da gashi-gashi, saboda haka bakin kowane rami yana fita tas, ƙura ma ba ta samun wurin maƙalewa sosai. Zaren roba kuwa, wanda ya fi yawa a hannun masu saƙa, ban ko duba shi ba don wannan aiki. In ya ji zafi narkewa yake yi, kuma da nauyi a ƙasansa zai yi ta tsawo ne ba iyaka.

A bakin ƙasa muka ɗan yi gardama. Ita tana son tattara mai yawa, irin wadda ke lanƙwashewa tana hawa kan juna. Wannan ba wuya: a riƙa zuba ido biyu a kowane ido, zagaye bayan zagaye, bakin zai rasa wurin zama ya fara murɗewa da kansa. Na tuna mata cewa abin da masu koyo ke ɗauka kuskure ne, wata malamar lissafi 'yar ƙasar Latbiya, Daina Taimina, ta mai da shi abin koyarwa a Jami'ar Cornell ta Amurka. A 1997 ta saƙa irin wannan murɗaɗɗen abu da kwarashi don ɗalibai su riƙe a hannu, su ga wata siffa ta lissafi da ke wuyar nunawa a kan takarda. Ƙanwata ta ce to ga shi har malaman jami'a na goyon bayanta. Na ce su ba fitila za su rataya ba. Tattara tana tare hasken da ya kamata ya sauka a kan tebur, kuma nan ƙura za ta yi gida. Ƙananan kunnuwa na sarƙa uku-uku na bi bakin da su, shi ke nan.

Da azahar na soke wutsiyoyin zare da allura, na fesa wa murfin ruwa har ya yi danshi, na rataye shi a inuwa da igiya. Na bi ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya ina miƙar da su da yatsa. Da na dawo da la'asar ya bushe, na sa tef: santimita 27 da ɗoriya. Sauran zai zo da kansa.

Maigida ne ya hau tsani. Kafin ya taɓa komai sai da ya kashe babban makunnin wutar gidan, ya kuma gwada da testa, don makunnin bango kaɗai ba abin dogaro ba ne in an yi wayarin a karkace. Holdar irin mai murɗi ce, wadda ake rubuta wa E27, wato faɗin gindin ƙwan milimita 27 ne. Tana da zoben roba a wuyanta da ake kwancewa, a zura ƙaramin zoben murfin mai rami kusan santimita 4, a mayar a ɗaure. Ya duba abin da ke damƙe wayar a saman holdar da kuma can a silin, saboda nauyi bai kamata ya sauka a kan ƙusoshin da ke riƙe da tagullar ba. Murfin ba nauyi gare shi ba, amma ya ce waya ba igiyar shanya ba ce. Muka tsayar da bakinsa santimita 80 daga saman teburin, yadda wanda ke zaune zai ga fuskar na gabansa.

"Wane ƙwan za a sa?" ya tambaya daga sama.

A nan aikin ya fi daɗi. Tsohon ƙwai mai zaren wuta ba ya cikin lissafi tun farko, don kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take zama, ba haske ba, auduga kuwa tana kamawa da wuta. Na LED mai wat 9 yana ba da haske kusan daidai da tsohon mai wat 60, wajen lumen 800 a ma'aunin haske, kuma gilashinsa bai cika zafi ba. Amma gindinsa yana ɗumi sosai, nan kayan wutarsa suke, shi ya sa na bar saman murfin a buɗe, iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Ta kowane gefe akwai tazarar fiye da yatsa huɗu tsakanin ƙwan da zaren.

Ƙwai uku na tanada, muka jira magariba ta yi muka gwada su. Na farko fari ne fat, mai lamba 6500K, lambar da ke nuna launin haske. Ana kunnawa zaren mai launin madara ya koma toka-toka, kamar wanda aka wanke da baƙin kaya. Ko minti ɗaya bai yi ba na ce a cire. Na biyu mai 2700K ne, hasken ja-ja, gilashinsa mai duhun madara. Murfin ya yi kyau matuƙa, ɗamarar tsakiya ta cika da haske ba ta soki ido ba, amma bangon babu komai, inuwar ta narke. Dalili shi ne hasken yana fitowa daga dukan jikin ƙwan, kowane ɓangare na jefa tasa inuwar, sai su shafe juna. Na uku gilashinsa garau ne, hasken na fitowa daga 'yan siraran sanduna a tsakiya, shi ma 2700K. Da aka kunna shi ƙanwata ta ce "Kai!" Ginshiƙai 12 ɗin nan sun fito a bango da silin, dogaye, ramukan sun zama manyan tagogi na haske. Lissafin a fili yake: ramin da ke santimita 12 daga ƙwan, in bango na nesa da mita 1.2, sau goma zai girma, rami mai santimita 2 ya zama 20. Duk wani ido da na ja fiye da ɗan'uwansa, bango ya nuna shi sau goma. Alhamdu lillahi layukan sun tafi daidai, sai dai wurin da nake haɗa zagaye, inda sarƙar tashi ta sa ginshiƙi ɗaya ya ɗan fi sauran siranta. Wannan yakan faru a saƙar zagaye. Muka juya shi ya fuskanci kusurwa.

Ba mu daidaita a kan ƙwan ba. Maigida ya ce na biyun ya fi, don a teburin nan yake karatu, kuma zane a bango ba ya taimaka wa mai karatu. Ni kuwa don inuwar nan na ƙirga ramukan tun farko. Na nuna masa cewa bakin ƙasa a buɗe yake, hasken da ke sauka a kan takarda bai ratsa ta saƙa ba. Ya buɗe littafi ya gwada, ya ce ba laifi, amma in ya ɗaga kai sandunan ƙwan na ɗan hasko shi ta ƙasa. Ya yi gaskiya. Muka ɗaga ƙwan sama kaɗan ta hanyar sauke zoben wuyan holdar zuwa ƙarshen murɗinsa, murfin ya sauko ya ƙara rufe shi. Ya ce a bar na ukun zuwa mako mai zuwa a gani.

Na bar fitilar a kunne awa guda, sannan na kashe na hau kujera na taɓa. Ɗamarar tsakiya sanyi ƙalau. Zaren da ke kan zoben sama ya ɗan yi ɗumi kaɗan, wanda hannu ke iya zama a kai ba damuwa. Gindin ƙwan ne kawai da zafi, shi kuma ba abin da ke taɓa shi. Zan sake gwadawa gobe bayan awa uku.

Dunƙulen zare ɗaya da rabi ya rage. Ƙanwata ta tafi da shi da kwarashina mai milimita 3.5, ta ce na balan-balan za ta yi, mu jera su a gani. Na ce mata ta bar rami a sama da ƙasa, kuma kada ta manta da ɗamara.