Kwas ɗin intanet da takardar da ba ta ƙirgu ba

Da farko ina cikin ma'aikatan jinyar da ke ganin karatun intanet wasa ne. Aikinmu na hannu ne, to me waya za ta koya wa wadda ta shekara tana sa allura? Annobar korona a 2020 ce ta tilasta mana. An daina taron ƙara ilimi, sai muka koma dandalin OpenWHO da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2017, kyauta. A nan na sake bin lokuta 5 na tsabtace hannu da hukumar ta fitar a 2009, na kuma gane cewa daƙiƙa 20 zuwa 30 ake so a goga sanitaiza, ko 40 zuwa 60 idan ruwa da sabulu ne. Yawancinmu ba ma kaiwa rabin haka idan aiki ya yi yawa. Na ji daɗin karatun sosai, har na ɗauka duk kwas ɗin intanet haka yake.

Shi ya sa da lokacin sabunta lasisi ya matso, na biya kuɗi na shiga wani kwas na wani kamfani a kan ceton wanda zuciyarsa ta tsaya. Shafinsu cike da tambura, an rubuta cewa akwai maki, wato makin ƙara ilimi da ake nema wajen sabunta lasisi. Bayan aikin dare nake yinsa, ido na yaji, ina ƙona data. Darasin kansa ba laifi: tun 2010 ƙungiyar kula da lafiyar zuciya ta Amurka (AHA) ta sa danna ƙirji a gaba, kafin buɗe hanyar iska da hura numfashi. Danna 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba, danna 30 hura 2.

Da na kai takarduna don sabunta lasisin, jami'ar da ke karɓa ta juya satifiket ɗin ta miƙo mini. Ta ce, "Sista, ki yi haƙuri, waɗannan ba sa cikin waɗanda muka amince da su." Makin da suka rubuta nasu ne, su suka ba kansu. Kuɗin ya tafi, barcin da na rasa ya tafi, ga wa'adi ya kusa cika. Sai da na sake wani kwas a gurguje. Har yau abin na ci mini rai, domin tambaya ɗaya ga hukumar da ke ba mu lasisi da ta isa, kuma babu wanda ya taɓa gaya mana mu yi ta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda labarin ya zaga ɗakinmu. Wata babbar sista da ba ta taɓa yarda da karatun waya ba ta ce, "Ai na faɗa miki, ƙanwata." Ban yarda da ita ba, kuma har yanzu ban yarda ba. Ilimin da na samu yana nan, ina aiki da shi. Inda take da gaskiya ɗaya ne: zurfin danna ƙirji sai a kan mutum-mutumin gwaji hannu yake saninsa, da mai duba ka a gefe.

Na lura ba kwamfuta abokan aikina suke tsoro ba. Lokaci ne babu. Da taro ne, ana sakinka daga aiki ka je. Da aka mayar da shi waya, sai ya koma cikin hutunka da kuɗin datarka. Shi ya sa wasu ke danna gaba, gaba, su tsallake bidiyo su kai ga satifiket, kuma ba na ganin laifinsu sosai. Na roƙi shugabar ɗakinmu ta ware mana sa'a ta karatu a cikin jadawalin aiki, tana dubawa.

Duk ƙaramar nas da ta nuna mini kwas a wayarta yanzu, ba na kallon tambarin. Nakan ce ta fara neman sunan kamfanin a jerin hukumar lasisi, in ba ta gani ba ta kira ta tambaya, kafin ta tura ko kwabo.